Ƙofar Ɗakina Ta Zaga Bango Huɗu

Jama'a barkanku da warhaka. Na ga masu yi mini tsiya a ƙasan rubutuna, wai "Ramla, ke kullum biki ya kusa, biki ya kusa, sai ka ce mai jiran mota a tasha." To ku gyara zama, yau zan faɗa muku abin da ya riƙe bikin nan. Ba asiri ba ne, ba kuma wani Alhaji ne ya shigo da ƙafar dama ba. Ƙofa ce. Ƙofar ɗaki.

Ga sababbin zuwa, sunana Ramla, a Tanut nake, ɗiyar Malam Ila mai sayar da hatsi. Wanda zan aura Abdurrazak ne, ma'aikacin gidan dabbobi, kullum yana kan moto, baburin nan nasa, tsakanin Tanut da Tenhya da Belbeji yana yi wa bisashe allura. Likitan Awaki nake ce masa idan ina so in ga ya ɓata rai, amma ba ya ɓatawa. Ciwon nasa ke nan ma. Allah ya halicci bawan nan bai sa masa "a'a" a baki ba. Raƙumi ya taɓa cizonsa a kafaɗa, ina da yaƙinin shi ya ba raƙumin haƙuri.

Da manyansa suka zo neman a sa rana, Baba ya saurare su tsaf, sannan ya ce, "Yaro na yarda da shi. Amma ba ni sa rana sai na shiga ɗakin da za a kai ɗiyata, na ɗaga kai na ga rufi, na bugi bango na ji bai amsa mini ba."

Magana mai sauƙi. Abdurrazak ya gaji wani sashe a gidan mahaifinsa, can bayan kasuwar dabbobi, da tsohon ɗakin ƙasa mai kaurin bango, irin wanda in ka shiga da tsakar rana sai ka ɗauka a bakin randa kake. Gyara kawai yake buƙata: a sake azarar da gara ta ci, a yi sabon yaɓe, a daɓe ƙasa, a ja ɗan banɗaki a gefe. Ya ce shi zai yi da hannunsa ranakun hutu, shi da abokansa. Kuma fa ya iya, tun yana yaro tare suke yaɓen gidan da mahaifinsa duk ƙarshen rani.

Da ya tsaya a nan, da yanzu ina rubuto muku daga ɗakina, ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Sai son burge surukai ya ja shi ya buɗe gurup a salula, ya raɗa masa suna "Gidan Ramla". Ya sa ni. Ya sa Innata. Ya sa Gwaggo Zalika, yayar Baba, wadda ko limamin unguwa in ya hango ta sai ya sake hanya. Ya sa Yaya Usman, wanmu da ke fenti a Tamanrasat, wanda tun da ya tafi can yake ganin duk wani gini na ƙasarmu ta Damargu kamar akurkin kaji.

Na kira shi a take.

"Likita, me ka yi haka?"

"Don su riƙa ganin aiki yana tafiya, ranki ya daɗe. Su sa albarka."

"Albarka? Ka san Gwaggo kuwa?"

"Uwa ce ai," in ji shi. Allah sarki.

Hoton farko da ya turo, ga ɗaki, ga ƙofa tana kallon kudu inda kakansa ya bar ta, ga shi a gefe da wando duk taɓo yana murmushi. Ban gama kallon murmushin ba saƙon murya ya faɗo.

Gwaggo Zalika: "Salamu alaikum, wa ya ga ƙofar amarya tana kallon kudu? Ƙofa gabas take kallo, rana ta fito ta shigo da arziki. Mu haka muka tashi muka gani. Abdurrazaƙu, kana ji na?"

Abdurrazak: "To Gwaggo. An gama."

Ya toshe ta kudu, ya fasa bangon gabas. Ya sa katako a bisa, ya turo hoto. Gwaggo ta turo guɗa, har salulata ta yi rawa a hannuna.

Sai ga Yaya Usman, da muryar nan tasa ta wanda ya ga duniya, ana jin ƙarar injin a bayansa: "Haba jama'a! Ƙofa a gabas? Daga ina hadari yake tasowa a garin nan? Ruwa da iska su shigo su ɗauki ƙanwata da katifa? Arewa za a maida ita. Kuma waɗannan indararon da suka yi cirko-cirko a ka kamar ƙahon sa, a cire su, ƙauyanci ne. A nan ba ka ganin irinsu."

A zancen hadari dai ya yi gaskiya, ba zan ci amanarsa ba. A zancen indararo kuwa, ya manta can inda yake sai a shekara sama ba ta yi tari ba.

Abdurrazak: "To Yaya. An gama."

Ya toshe gabas, ya fasa arewa, ya ciccire indararo ya jingine su a bayan ɗaki.

Innata ba ta iya saƙon murya ba, in ta danna sai ta saki kafin ta fara magana. Saboda haka da kanta ta yafa mayafinta mai ruwan ƙasa ta je ta gano. Ta dawo tana salati tun daga zaure.

"Ramla, kin san abin da ke arewa da ɗakin nan? Fada! Fadar samari, suna zaune ƙarƙashin itacen bedi suna dafa shayi daga safe har magariba. Katangar kuma gajeruwa. Ki ɗaga labule, idon ƙattin unguwa a kanki? Riƙe mini abin nan in yi magana."

Na danna mata, ta yi magana. Ba sai na faɗa muku amsar da ta dawo ba.

Ƙofa ta koma yamma.

Ku lissafa da kanku. Ɗaki bango huɗu gare shi, kuma babu wanda ba a huda ba. Mutanen unguwar suka riƙa fitowa da safe su duba ina ƙofar ta kwana. Wani tsoho ya tambayi Abdurrazak ko ɗawafi take yi. Samarin fadar nan kuwa har sun sa wa gidan suna, wai "Ta Ina Ake Shiga". Duk wannan ƙawata Radiya ke kawo mini, don gidansu na kusa, tana faɗa tana riƙe ciki.

Ruwa kuma kun san yadda yake a garin nan da rani. Kowane fashi da toshi sai an kwaɓa ƙasa, kowane kwaɓi sai amalanken jaki ya kawo ruwa. Bawan Allah ya rame, wuyansa ya yi tsawo, in ya zo zance da yamma sai in ga ƙasa a bayan kunnensa, ga rigar shadda mai guga ga farce duk laka.

Na ce, "Don Allah sau ɗaya ka ce musu a'a."

Ya ce, "In ce wa Gwaggo a'a? Da wane bakin?"

Ƙarshen tika-tika, Gwaggo ta je suna Damagaram ta dawo da sabon wahayi. Wai ɗakin ƙasa tsirara ba ya yi wa ɗiyar ɗan'uwanta, a shafe shi da siminti sumul kamar na birni, a yi masa fenti shuɗi. Abdurrazak ya san siminti ba ya kama ƙasa haka kawai, shi da kansa ya faɗa mini sai an kafa ƙusoshi an ɗaura raga, kuma tubalin toshin ma bai gama bushewa ba. Na ce to ka faɗa mata mana. Ya ɗauki salula, ya yi gyaran murya, ina kallonsa, ya danna.

"To Gwaggo. An gama."

Ɗaki ya fito shuɗi shar. Wallahi a hoto kamar ka lasa. Gwaggo ta tura wa duk dangi har na Belbeji, tana cewa ita ta tsara.

Ruwan farko ya zo da la'asar. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta kwashe mana kwanonin wanke-wanke, muna ta tsere da shanya. Aka zuba ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kowa a gidanmu murna yake, Baba yana zancen shuka, ni kuwa sai tuna indararon nan a jingine nake.

Ruwa na tsagaitawa hoto ya shigo gurup, babu rubutu ko ɗaya.

Ruwan da ya taru a rufi ya rasa hanyar sauka, ya nemi tasa. Ya bi ta bayan simintin, ya jiƙa toshin gabas. Simintin ya ɓare ya faɗo faifai guda, shuɗin fentinsa na kallon sama, bangon ya bi bayansa. Ta cikin hoton kana hango ɗakina tun daga waje, har da ƙusar da na ce a kafa mini ta rataya madubi.

Can sai Gwaggo: "Ai da an bar ƙofar a inda na ce, da bangon bai ji haushi ba."

Yaya Usman: "Siminti ne bai ji ba. A nan buhu biyu ake zubawa."

Na shige ɗaki na yi kuka, kukan gaske, ba na shagwaɓa ba. Damina ta kama. In ba a tada bangon nan an rufe kafin ruwa ya zauna ba, sai bayan girbi. Kuma na ji Baba da kunnena yana ce wa Inna, "Yaron kirki ne, amma mijin da kowa ke juyawa kamar waina, anya zai riƙe gida?" Wannan kalmar ta fi faɗuwar bangon tsorata ni. Ina son Likitan Awakina, jama'a. Duk wannan wahalar don kar ya ɓata wa wani nawa rai yake sha.

Na share hawaye, na ce to, tunda shi ba shi da a'a, ni zan ara masa tawa.

A gidanmu ni ce injiniyar salula. Ni ke sa wa Inna kati, ni ke nemo wa Gwaggo lambar da ta ɓace. Washegari Gwaggo ta zo jaje, ta miƙo mini tata in sa mata caji. Na fitar da ita daga gurup, na share shi tas. Na yi wa Inna haka. Yaya Usman kuwa na sa Abdurrazak ya miƙo mini tasa salular da ya zo zance, na cire shi da hannuna.

"Ramla, ina Gidan Ramla ya shiga?" in ji Gwaggo, tana shafa gilashi da ɗan yatsa.

"Rezo ne Gwaggo. Tun ruwan nan ya lalace."

Ranar har turmi ta hau a tsakar gida, salula a sama, tana neman rezo, wato sabis ɗin waya. Allah ya yafe mini, ni na riƙe mata turmin.

Daga nan aiki ya miƙe. Na ce masa, "Ka yi yadda kuke yi da babanka marigayi." Sai ga mutum ya dawo hayyacinsa. Aka fara da sama, don wanda bai gama da rufi ba bai kamata ya san kalar fenti ba. Ya gyara gangaren rufin yadda ruwa zai san hanyarsa, ya maida indararo, dogaye, masu watsa ruwa nesa da gindin bango. Ya ɓamɓare sauran simintin. Ya sayi busasshen tubali, wanda in ka ƙwanƙwasa za ka ji ya yi ƙara. Ya ɗaga dokin ƙofa sama da tsakar gida, don kar ruwa ya yi sallama ya shigo. 'Yan'uwa mata, ku riƙe wannan ko ba ku riƙe komai ba: in saurayinki zai yi gini, ki bar shi da mutum ɗaya da zai ji maganarsa. Ɗaya tak.

Ni dai na ga ya fi dacewa mutum ɗayan nan ya zama ni.

Ana cikin haka kayan ɗakina suka iso daga Damagaram. Gado ne Inna ta sa aka yi mini, gado na gaske, mai allon kai da madubi da fitilu, in kin hau sai kin yi tunani kafin ki sauko. Na kwance igiyar shanya na auna shi, na ƙulle daidai tsawon, na ba Radiya ta kai can ta gwada. Ta dawo ta ce in gadon ya shiga, ƙofa ba za ta buɗu ba.

Wannan ƙofa dai!

Na kira shi. A lokacin ba a fara tada bangon gabas ba, ana shirin haƙa tushe.

"Likita, me ke bayan bangon nan da ya faɗi?"

"Fili ne. Kango, sai tumfafiya."

"To tunda bangon ya riga ya faɗi da kansa, a matsa da shi gaba mana. Ɗaki ya buɗe, gado ya shiga, banɗakin ma a ja shi ta can."

Ya ce, "Anya, Ramla? Kamar na taɓa jin babana marigayi yana cewa iyakarmu..."

"Au! Gwaggo ka ce mata to. Yaya Usman ka ce masa to. Inna ka ce mata to. Ni ce za ka fara koyon anya a kaina?"

"Ba haka ba ne, ranki ya daɗe."

"To yaya ne?"

"...An gama."

Kar wanda ya yi mini wani kallo. Fili ne babu katanga, babu shinge, awaki ne kawai ke kiwo a ciki. Ke da kike karantawa, da gadonki ne, me za ki ce?

Bango ya tashi, sabo, miƙaƙƙe, da tushe mai zurfi. Aka ƙara azara, aka rufe. Aka sake ruwa, ɗigo ɗaya bai shiga ba. Baba ya ce ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zai je ya gani da idonsa.

Na san amarya ba ta zuwa gidan da ba a kai ta ba. Amma na kasa zama. Da hantsin Juma'ar na ce wa Inna zan je kitso gidan su Radiya. Na sa atamfata kore mai zanen ganye, na zumbula dogon hijabi, na zura sababbin takalmana jajaye masu duwatsu, muka bi ta lungu da tsintsiya da turaren wuta. Niyyata in share, in turara, in gudu.

Kai, ɗakin ya yi! Na tuɓe takalma a bakin ƙofa na shiga, sanyi ya buge ni, ƙamshin sabuwar ƙasa ko'ina. Abdurrazak na tsaye a waje yana sosa ƙeya, ya kasa haɗa ido da ni. Na ɗauka kunya ce.

"Akwai baƙo," ya ce a hankali.

Muka zaga gabas, ni ko takalma ban tsaya sawa ba. A inuwar sabon bangona wani dattijo ne zaune kan tabarma, dogo, da rawani baƙi ya rufe rabin fuska, ga ɗan murhun gawayi da butar shayi, ga raƙumi a durƙushe yana tuƙa. Abdurrazak ya ce sunansa Rissa, makiyayi ne, abokin mahaifinsa. Ya daɗe a daji wajen Tenhya da bisashensa, jiya ya shigo gari sayen gero.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da fara'a, ya tambayi gida, ya tambayi ruwa.

"Ke ce amaryar? Madalla. Gini ya yi kyau, ɗiyata. Na daɗe ina so in yi ɗaki a filin nan, Allah bai nufa ba. Sai na dawo na tarar an fara mini."

Na ɗago kai da sauri.

"Baba... filin naka ne?"

"Ni da mahaifin yaron nan muka binne dutsen iyaka da hannunmu." Ya ɗaga buta sama yana tsiyaya shayi, ko ɗigo bai zuba a ƙasa ba. "Na duba ban gan shi ba. Ina jin yana cikin ɗaki yanzu. Ta ina za a sa kan gado?"

Radiya, uwar baki, ta nuna gabas.

"To ka ji. Kan amarya zai kwana a filina, ƙafafunta a na mijinta." Ya yi 'yar dariya. "Ba faɗa na zo yi ba. Amma filin ba nawa ni kaɗai ba ne, akwai 'ya'yan ƙanena a ciki. Sai manya sun zauna."

Ana cikin haka muka ji ƙarar moto a bakin gida, da muryar da ko cikin barci na san ta tana sallama. Baba! Ashe ya ce bari ya biyo kafin masallaci, ya huta da fitowa cikin rana.

Radiya ta haure gajeruwar katangar nan kamar akuya. Ni hijabi ya hana ni. Na faɗa banɗakin da ba a rufe samansa ba, na lafe a lungu, na toshe baki da hannu.

Ina ji Baba ya shiga ɗakin. Ina ji ya bugi bango, bum, bum, bango bai amsa ba. Na ji ya ce, "Masha Allah. Wannan gini ne." Zuciyata ta yi fari, na ce ko Allah zai rufa asiri.

Sai muryar Rissa: "Malam, bismillah, ga shayi. Zauna mu gaisa, tunda mun kusa zama surukai ni da kai ta wajen bango."

Suka zauna, tsakanina da su tubali ɗaya. Rissa ya warware masa zance tiryan-tiryan, cikin ladabi, babu ƙari. Baba bai katse shi ba. Da ya gama, Baba ya kira:

"Abdurrazak."

"Na'am, Baba."

"Ka san da iyakar nan?"

"Na... na taɓa ji, Baba."

"To wa ya ba ka shawarar ka matsa da bango cikin filin mutane?"

Na runtse ido. Mutumin da bai taɓa yi wa babba musu ba, bai kuma iya ƙarya ba. Na ce shi ke nan, Ramla, sunanki zai fito.

"Ni ne, Baba," in ji shi. "Ni kaɗai. Babu wanda ya sa ni."

Wayyo Likitana! Hawaye suka zubo mini, na ce yau ko rushe ɗakin za a yi, a rumfa ma na yarda in zauna da kai.

Baba ya kurɓi shayi. Na ji ya ajiye kofi a kan faranti, a hankali.

"To, na ji. Kai kaɗai." Ya yi gyaran murya. "Sai ka faɗa mini, jajayen takalman nan da ke bakin ƙofa, waɗanda na sayo da hannuna a kasuwar Belbeji, su ma kai kaɗai ka sa su ka zo?"